Likita, Nonona Ya Sake Zubewa Bayan Tiyata: Ragar Ciki Za Ta Riƙe Shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 39, haihuwata 4, kuma kowannensu sai da na shayar da shi kusan shekara 2. Bayan na yaye na ƙarshen nonona ya zube ƙwarai, har ƙarƙashinsa yana yi mini ƙuraje da raɗaɗi lokacin bazara. Da amincewar maigidana aka yi mini tiyatar ɗaga shi a Alƙahira shekara 3 da suka wuce. Ba a sa mini silikon ba. Tabon ya kewaye kan nonon, ya sauko, sannan ya bi ta ƙarƙashi. Wata 8 na farko na ji daɗin aikin. Daga nan sai naman ya riƙa sulalewa ƙasa, saman ya zama fayau, kan nonon kuma ya koma kallon sama har yana leƙowa ta bakin rigar mama. A tsakanin nan na rage kilo 11 saboda an ce sukarina ya fara hawa. Yanzu wani asibiti a ƙasar waje da na tura wa hotuna ta WhatsApp sun ce a sake aikin, a sa mini wata raga a ciki, wai rigar mama ta ciki, wai in an sa ta nonon ba zai ƙara zubewa ba har abada. Mece ce wannan ragar? Da gaske tana riƙewa? Wata ƙawata ta ce da fatar alade ake yin ta. Ban kuma rufe ƙofar haihuwa ba, sai dai ina tsoron sake shayarwa, tunda kowa cewa yake ita ta jawo mini. Daga asibitin farko rasit kawai nake da shi.

'Yar uwarki daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Na gode da kika yi bayani dalla-dalla har da siffar tabon. Ragar da aka gaya miki akwai ta, ana aiki da ita, kuma akwai matan da take taimaka wa. Amma "har abada" ɗin nan ki ajiye shi gefe, likitan kirki ba ya yin wannan alkawari a kan naman ɗan Adam. Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarki shi ne layinta na ƙarshe, inda kika ce rasit kaɗai ke hannunki. Zan zo kansa, domin a wurin ne haɗarin aiki na biyu yake kwance.

Bari in fara sauke miki nauyin shayarwa, don na gaji da ganin yadda ake ɗora mata laifin da ba nata ba. A 2008 wasu likitoci a Jami'ar Kentucky ta Amurka, ƙarƙashin Brian Rinker, sun bibiyi tarihin mata 93 da suka taɓa ɗaukar ciki kafin su zo neman gyaran nono. Abubuwan da suka ga suna tafiya tare da zubewa su ne yawan shekaru, yawan cikin da mace ta ɗauka, ƙiba, girman nonon tun kafin ciki, da shan taba. Shayarwa ba ta shiga sahun ba. Cikin ne da kansa yake kumbura nonon, bayan haihuwa ya sace, ko an ba jariri ko an hana shi. Saboda haka in Allah Ya sake ba ki rabo, ki sa yaronki a nono. Abin da kawai za ki sani shi ne, wadda aka yi wa tiyata a nono, ruwan nononta kan iya raguwa, sai a riƙa auna nauyin jaririn a asibiti a makonnin farko.

Nono ba shi da tsoka a cikinsa. Kitse ne da ƙwayoyin da ke haɗa ruwan nono, suna zaune a kan tsokar ƙirji, fata ta lulluɓe su. Abin da ke riƙe da su wasu siraran zaruruwa ne da suka ratsa naman daga ƙirji zuwa fata, waɗanda wani likitan fiɗa ɗan Ingila mai suna Astley Cooper ya bayyana a 1840, har yau da sunansa ake kiransu. Ciki 4 ya ja naki sau 4. Kamar robar wando suke, in sun saki ba sa komawa. Shi ya sa man shafawa, da garin da ake damawa da madara, da motsa hannuwa ba sa ɗaga nonon da ya kwanta, komai yawan kuɗin da aka zuba a kansu.

Tabon da kika siffanta shi ne na yankan da Robert Wise ya fito da shi a 1956. Yanka ne mai amfani, musamman ga nonon da fatarsa ta yi yawa. Rauninsa shi ne, sau da yawa aikin yakan zama kamar tela ya rage faɗin riga: a yanke rarar fata, a ja abin da ya saura, a ɗinke, a bar wa fatar ɗaukar nauyin. Alhali fatar nan ita ce ta gaza tun farko. Watanni kaɗan takan yi tana jurewa sannan ta fara miƙewa. Sai ga kilo 11 da kika rage, wanda ya kwashe kitse daga ciki ya bar jakar ta yi wa kayan yawa. Rage ƙibar daidai kika yi, lafiyarki ta fi siffar nono, kada ki yi nadamarsa.

Yanzu ki tsaya gaban madubi ki sa fensir a lanƙwasar ƙarƙashin nonon, inda ya haɗu da ƙirji. Ki duba ina kan nonon yake. Wata likita a Montreal ta Kanada, Paule Regnault, ta kasa zubewar nono mataki-mataki a 1976 da wannan ma'aunin: in kan nonon ya zo daidai da fensirin, mataki na 1 ke nan, in ya sauka ƙasa da shi, na 2, in ya zama shi ne mafi ƙasa yana kallon ƙafa, na 3. Naki, yadda kika faɗa, ba ya cikin ukun nan. Kan nonon yana sama inda aka ajiye shi, naman ne ya zame ta ƙarƙashinsa ya taru a gindi, shi ya sa ya karkata yana kallon sama. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. Mai irin naki ba ta bukatar a ƙara ɗaga mata kan nono. In aka yi kuskuren ƙara ɗaga shi, saukar da shi yana cikin gyare-gyare mafi wahala a wannan fanni, domin tabo yake bari a saman nono inda riga ba ta rufewa. Abin da ke bukatar gyara shi ne gindin.

To, ga maganar rasit. Kan nono da baƙin da ke kewaye da shi suna rayuwa ne da jinin da ke zuwa musu ta hanyoyi da dama: daga gefen ƙashin tsakiyar ƙirji, daga wajen hammata, da kuma tsakanin haƙarƙari. A tiyatar farko dole likita ya yanke wasu hanyoyin don ya iya matsar da kan nonon, sai ya bar wata gadar nama da jini zai ci gaba da bi. Wani likitan ta ƙasa yake barin gadar, wani ta sama, wani ta ɓangaren tsakiyar ƙirji. Tabon waje ba ya nuna wacce aka bari. Mata biyu na iya samun tabo iri ɗaya sak, gadar ɗaya tana ƙasa, ta ɗayar tana sama. In likita na biyu ya shiga bai sani ba ya datse ta, kan nonon na iya yin shuɗi, ya yi baƙi, ya mutu. Gaskiya ne cewa cikin shekaru sababbin ƙananan jijiyoyi sukan tsiro su tallafa, amma ba abin da za a jingina da shi a yi yanka kai-tsaye ba ne.

Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta dawo daga tiyata ta biyu a wata ƙasa, kwana 9 da aikin, kan nononta na hagu ya bushe ya yi baƙi ƙirin. Na tambaye ta ko an nemi bayanin aikin farko, ta ce ko tambayarta ba a yi ba. Makonni muka yi muna wankin ciwo. Daga baya an ƙera mata wani da fatar wurin, a ido ya yi kama, amma jin taɓawa da shayarwa ta wannan ɓangaren sun tafi. Har yau in mace ta zo mini da maganar aiki na biyu, fuskar matar nan nake fara tunawa.

Don haka kafin ki biya ko kwabo, ki rubuta wa asibitin farko ki nemi rahoton tiyatarki, takardar da likita ke rubutawa bayan ya fito daga ɗakin fiɗa. Ba takardar sallama ba, ba rasit ba. A ciki ake son a ga ta wane ɓangare aka bar gadar jinin, giram nawa aka cire a kowane nono in an cire, da ko an bar wani zare ko raga da ba ta narkewa. Haƙƙinki ne. Ko da Larabci aka rubuta ki karɓa, mai fassara ba ya wuya a Kaduna. In duk ƙoƙari ya ci tura, gogaggen likita zai yi aikin ne a matsayin wanda ke tafiya cikin duhu: ba zai yi zurfin yanka kusa da kan nonon ba, ba zai matsar da shi ba sai ɗan kaɗan, ya taƙaita aikinsa a gindin.

Sai mu zo kan abin da za a tallafe nonon da shi daga ciki. Kafin a yi zancen raga, jikinki yana da kayan aikinsa, kuma da su ake fara shawara.

Dabara ta farko ita ce rage kayan. Naman da ya taru a gindi nauyi ne, kuma nauyi ƙasa yake nema. Elizabeth Hall-Findlay, likita a Banff ta Kanada da ta yi suna a wannan aiki tun 1999, ta daɗe tana koyar da cewa naman da ya yi nauyi a ƙasa gara a cire shi da a tura shi sama a sa ran zai zauna. Na yarda da ita. Akan yanke wani yanki daga gindin kamar yankan kankana, sai ɓangarori biyu da suka saura, na dama da na hagu, a haɗe su a ɗinke su zama ginshiƙai a ƙarƙashin kan nonon. A nan naman ne ke ɗauke da kansa, fata lulluɓi kawai take yi. Claude Lassus a Faransa da Madeleine Lejour a Beljiyam su suka share wannan hanya. Sau da yawa akan haɗa da ɗinke lanƙwasar ƙarƙashin nonon a jikin ƙirji don ta koma mazauninta. Nonon zai ɗan ragu, kuma wannan ne abin da mata da yawa ba sa son ji. Amma ƙaramin nono ya fi daɗewa a tsaye, kamar yadda ƙaramin tulu ya fi zama a kan gammo.

Ta biyu ita ce a yi amfani da naman gindin maimakon a zubar. Liacyr Ribeiro na Birazil ne ya fito da ita a shekarun 1970: a yanko harshen nama daga ƙasa, a bar tushensa manne da ƙirji don jini ya ci gaba da zuwa, a cusa shi sama ta bayan kan nonon, a ɗinke shi a jikin tsokar ƙirji ya zama kamar matashi. A 2002 Ruth Graf, ita ma daga Birazil, tare da Thomas Biggs na Amurka, suka ƙara wani mataki: su tsaga siririyar igiya daga tsokar ƙirjin, su zura harshen naman ta ƙarƙashinta don ta riƙe shi. Akwai kuma masu kankare saman fatar da da za a yanke a yar, su bar ƙasanta mai kauri, su yi majanyi da ita su ɗaure a ƙirji. Peter Rubin na Pittsburgh ya yi fice da wannan ga matan da suka rage ƙiba mai yawa.

Ki lura da wani abu a nan. Harshen naman da Ribeiro ke yankowa, da yankin da ake cirewa don a yi ginshiƙai, dukansu daga gindin nono suke fitowa. In likitanki na farko ta ƙasa ya bar gadar jini, wanda hakan ya zama ruwan dare a irin yankanki, to wurin da za a sa wuƙa shi ne wurin da kan nononki ke samun jini. Kin ga yadda zaɓin dabara ya koma kan takardar nan.

Yanzu raga. Duk wadda ta tashi a gidan da ake rataye ƙwaryar nono a ragaya ta riga ta gane dabarar. Akan ɗaga fatar, a shimfiɗa ragar a kan rabin nonon na ƙasa, a ɗinke bakunanta a jikin ƙirji ta ɓangaren tsakiya da na hammata, nonon ya zauna a ciki, a mayar da fata a rufe. João Carlos Sampaio Góes na São Paulo yana cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan a shekarun 1990, don haka ba sabon abu ba ne, tallarsa ce ta yi yawa yanzu.

Ragar iri-iri ce. Akwai wadda ba ta narkewa, dangin wadda ake sa wa masu ƙaba. Tana nan a jiki muddin rai, in kuma ta kamu da ƙwayar cuta ciro ta aiki ne babba, shi ya sa ba na son ta a nono. Akwai mai narkewa da wuri irin Vicryl, wadda ƙarfinta ke ƙarewa cikin makonni. Sai masu narkewa a hankali, waɗanda su ake nufi yau in an ce rigar mama ta ciki. GalaFLEX ce ta fi shahara, takan narke cikin wata 18 zuwa 24, kuma daga wani sinadari ake saƙa ta wanda ƙwayoyin bakteriya ke samarwa a masana'anta, babu naman dabba a cikinta. Akwai TIGR ta ƙasar Suwidin da kan kai kimanin shekara 3. Fatan da ake yi shi ne, kafin ragar ta narke jiki ya saƙa nasa zaren a gurbinta, ya bar wani shimfiɗaɗɗen tabo mai ƙarfi a ciki.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta haɗa abu biyu. Ban da ragar saƙa, akwai fatar da ake wankewa a cire mata duk ƙwayoyin rai a bar saƙarta kawai. Strattice daga fatar alade ake yin ta. AlloDerm daga fatar mutanen da suka rasu aka ba da gudummawar jikinsu. SurgiMend daga ta shanu. An fi amfani da su a gyaran nono bayan an cire shi saboda ciwon daji, ko inda akwai silikon. Saboda haka kada ki yarda da "raga" kawai. Ki ce a rubuta miki sunanta da kamfaninta kafin aiki, bayan aiki kuma a manna lambar kwalinta a takardarki.

Shin tana riƙewa? A 2018 an wallafa wani bincike da likitocin Amurka suka yi a kan mata 62 da aka sa wa GalaFLEX, kuma bayan shekara 1 siffar ta tsaya da kyau a mafi yawansu. Sai dai shekara 1 ragar ma ba ta gama narkewa ba, kuma ba a kwatanta su da wani rukuni da aka yi wa aiki iri ɗaya ba tare da raga ba. A Nuwamban 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta rubuta wa likitoci cewa ba ta tabbatar da aminci ko ingancin raga a tiyatar nono ba, kuma babu wata raga da ta amince da ita musamman don wannan aiki. Wannan ba haramci ba ne, likitoci suna sa ta bisa ganinsu. Amma wanda ya ce miki "har abada" ya faɗi abin da hukumar ƙasar da ake ƙera ragar ba ta faɗa ba ko na shekara 5.

Akwai wani abin da nake so ki sani tun yanzu don kada ranki ya ɓaci daga baya. Saman da kika ce ya yi fayau, raga ba ta cika shi. Ragaya tana hana ƙwarya faɗuwa, ba ta ƙara mata nono. Eric Swanson, likita a Kansas, ya auna hotunan kafin aiki da na bayansa daga rahotanni 82 da aka wallafa, ya fitar da sakamako a 2011 cewa babu dabarar ɗagawa da ta ƙara cikar saman nono yadda za a kira shi ƙari na a-zo-a-gani. Masu son cikar sama sai dai a ɗebo kitse daga ciki ko cinya a zuba, wanda wani kasonsa kan narke, ko a sa silikon. Silikon kuwa ƙarin nauyi ne a kan fatar da ta riga ta gaza sau biyu, ban ba ki shawararsa ba.

Ita ma ragar tana da nata matsalolin. Baƙon abu ne a jiki: ruwa kan taru a kewayenta, ƙwayar cuta kan kama ta, mai siririyar fata kan ji bakinta da yatsa, wani lokaci in ɗinki ya buɗe ta leƙo waje. Sa ta yana bukatar a ɗaga fata da faɗi, a nonon da aka riga aka taɓa jijiyoyinsa. Ga tsada, don da dala ake sayenta. Mafi yawan waɗannan matsaloli a makonnin farko bayan aiki suke bayyana, daidai lokacin da mai zuwa waje ta riga ta dawo gida, likitanta yana wata nahiya.

Ga ra'ayina. Ina ganin amfanin raga mai narkewa ga macen da fatarta ta yi siriri ƙwarai ta cika da nankarwa, ko wadda ta rage ƙiba mai yawa har naman ya zama laɓo-laɓo ba ya riƙe zare, ko wadda aka yi wa aikin ginshiƙai mai kyau amma ya sake saki. Za ki iya kasancewa cikinsu, hannun likita a kan fatarki ne zai faɗa. Amma ko a wurinsu ragar ƙari ce a kan gyaran naman. In aka bar nauyin gindin yadda yake aka naɗe shi da raga, bayan shekara 2 za ki sake rubuto mini.

Kuma ba yanzu ba, Hajiya. Tunda kina sa ran wani cikin, ki jira. Ciki zai kumbura nonon ya ja duk abin da aka ɗinka, da raga ko babu. Ki haihu, ki yaye, ki ƙara aƙalla wata 6. Nauyinki ma ya tsaya wuri ɗaya na wata 6, sukarin kuma ya daidaita, don ciwo ba ya warkewa da kyau a jikin da sukari ya hau. Kafin nan rigar mama mai faɗin ɗamara wadda aka auna ki da ita, da busar da ƙarƙashin nonon bayan wanka, za su rage miki ƙurajen.

In lokacin ya zo, ki gaya wa likita gaskiyar duk abin da kike sha ko shafawa. Mayukan ƙara hasken fata da yawa suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai sirantar da fata, ɗinki ba ya kamawa da kyau a kanta. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe su ma sau da yawa da shi a ciki. Taba da shisha suna matse ƙananan jijiyoyin da kan nono ke rayuwa da su, sai an bar su aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa. In tabonki na farko ya tashi ya yi kauri, ki nuna, domin fatarmu ta fi saurin yin hakan. A shekarunki kuma ina son a ɗauki hoton mamogiram, wato hoton cikin nono da ake binciken ciwon daji da shi, kafin a taɓa nonon, a ajiye shi don kwatance nan gaba.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007, ta bambanta tsakanin gyaran aibi ko kawar da cuta da kuma sauya lafiyayyar halitta don son rai. Ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa naki yanayin, ki faɗa masa duka har da ƙurajen da sunan ragar.

Kada ki ɗauka sai an tsallaka teku. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala duk suna da likitocin gyaran jiki. Ki tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kuma ya kammala ƙwarewa a wannan fanni. Ƙungiyarsu ita ce NAPRAS. Ko a waje za ki yi, ki fara ganin ɗaya a gida wanda zai duba ki ido da ido, ya kuma yarda ya kula da ke in kin dawo. In kin zauna gabansa ki tambaye shi aiki na biyu nawa ya yi, ki ce ya nuna miki hotunan bayan shekara 1, ba na sati 6 ba. Ki lura kuma ko shi da kansa zai nemi rahoton aikin farko kafin ki ambata.

TAMBAYA TA BIYU

Likita barka da aiki. Wata 4 ke nan da aka ɗaga mini nono. Na hagu ya fi na dama sauka kaɗan, kuma ina jin wani ƙulli mai tauri kusa da ɗinkin. In koma a gyara yanzu?

Maman 'yan biyu, Maraɗi

AMSA

Barka kadai, Maman 'yan biyu. Maganar gyara ki dakata. A wata 4 kumburi bai gama saɓewa ba, tabon ciki bai yi laushi ba, kuma nono biyu ba sa zama a rana ɗaya. Akan jira wata 6 zuwa 12 kafin a yanke shawarar sake aiki. Ki riƙa ɗaukar hoto sau ɗaya a wata, a tsaye, a wuri ɗaya da haske ɗaya, za su taimaki likita.

Ƙullin kuwa kada ki jira da shi. Mafi yawan lokaci kitse ne da jini bai ishe shi ba ya daskare, ko ƙullin zaren ciki da bai gama narkewa ba, kuma sukan lafa da kansu. Amma yatsa ba ya bambanta su da abin da muke tsoro, wato ciwon daji. Ki je a duba shi da na'urar sikanin cikin makon nan ko na gaba, in likita ya ce a ɗebi ɗan nama da allura a gwada, ki yarda. In wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ko ruwa ya fara fita, ko zazzaɓi ya zo, a ranar za ki tafi asibiti. Ki karɓi rahoton tiyatarki tun yanzu da aikin yake sabo a wurinsu, ki ɗauki hotonsa a waya, ki adana takardar tare da katin asibitinki.